Tafin Goggo a Faifai na Takwas

Shekarun baya, lokacin da nake ganin daga Birnin Kudu har Gwaram babu wadda ta kai ni wayewa, na taɓa jawo wa mahaifiyata abin kunyar da ya kusa raba ta da sana'arta. Abin da ya tuno min da shi, shekaranjiya wata a cikinku ta tambaye ni me ya sa duk hoton gangar lantarkina da na ɗora, akwai faifai ɗaya a gefen dama da na liƙa wa jan salatif. Na ce mata labarin yana da ɗan tsawo. To ga shi, mai sauri ta wuce abinta.

Mahaifiyata mai amada ce. Tun kafin a haife ni take yawon yinin biki da 'yan amshinta, daga Yalwan Damai zuwa Surko, har ƙauyukan Gwaram. Ita ke waƙa, amma kiɗan na ƙawarta ne, wadda duk gidanmu muke kira Goggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Goggo 'yar Farin Dutse ce, gajeriya, ga faɗa ga dariya. Ita ke riƙe babbar ƙwarya, wadda ake kifawa a baho cikin ruwa, wasu mata biyu su bi ta da ƙananan.

Masu amada suna da yawa a lokacin, amma akwai abin da aka san mahaifiyata da shi. In tana jero dangin amarya tana yi wa kowa kirari, ta zo kan wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba ta kiran sunansa a kan kiɗa. Sai ta ɗaga hannun dama. Tana ɗagawa Goggo za ta kifa tafinta a kan ƙwarya, sauran su bi, wuri ya yi tsit lokaci ɗaya. A cikin shirun nan za ta faɗi sunan, sau ɗaya tak, mata su ce Allah ya jiƙan rai, sannan ta sauke hannu kiɗa ya dawo. Saboda wannan tsofaffi suke cewa ita za a kira. Na sha ganin mace tana tsakiyar rawa, a kira sunan mahaifinta ta tsaya cak tana share ido, kiɗa ya dawo ta gyara ɗaurin zani ta ci gaba da rawarta.

Gangar lantarkin kuwa yayana ne ya kawo ta. Yana aiki a wani situdiyo a Kano, suka sayi sabuwa, ya kwaso min tsohuwar don ya san ni da taɓe-taɓe. Abu ne kamar tiren abinci, da faya-fayan roba guda takwas a samansa, ana bugawa da sanda biyu. Daɗinta, duk sautin da ka ɗauka kana iya ɗura shi a faifan da kake so, har ka sa shi ya yi ta zagayawa da kansa sai ka tsayar. Ni kuwa na dawo hutu daga makaranta, kaina yana hayaƙi, na ce sai na ɗauki kiɗan Goggo.

Da hantsi muka yi, a tsakar gidanmu, bayan na kore kaji sau uku. Na kafa mata wayata a gaban baho. Ta dube ni, ta dubi tiren.

"To ke 'yar nan, in kin gama juye ni a cikin abin nan, ni kuma sai in koma ina?"

"Sai ki huta, Goggo. Ki miƙe ƙafa ana kawo miki shayi."

"Wa zai kawo? Ke ɗin da ko ruwa ba kya miƙa wa mutum sai ya roƙa?"

Ta buga min duk salon da na nema. Abu ɗaya ne ya yi ta ba ni haushi: duk ƙarshen salo sai ta kifa tafi a kan ƙwaryar, ka ji ɗab. Na ce Goggo ki daina, kina ɓata min ɗauka. Ta ce hannun ne ya saba, in yi magana da shi. Da na zauna gyara na bi duk ɗab ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na yanke, ni a dole na share datti.

Daminar da ta biyo baya Goggo ta kwanta, ba ta tashi ba. Bayan rasuwarta ɗaya daga masu ƙananan ƙwarya ta bi mijinta Bauchi, ɗayar kuma tsufa ya kama mata hannu. 'Yan matan yanzu kuwa ka ce su zauna a gaban baho su koyi ƙwarya, kallon da za su yi maka ma ya ishe ka. Mahaifiyata ta rage da murya da 'yan amshi, babu kiɗa. Sai na ce, Inna, ai Goggo tana nan a cikin tire. Ta daɗe tana kallona kamar ta mare ni, sannan ta ce in kunna ta ji. Da ta ji ta shiga ɗaki, ta jima ba ta fito ba. Da ta fito ta ce akwai biki a Surko in an gama yankan gero.

A tsakanin nan ne na gano eko. Akwai wani maɓalli da in ka murɗa, bugu ɗaya sai ya yi ta amsa kansa yana tafiya, sai ka ce a kogon dutse kake. Wallahi ranar ji na yi na zama injiniya. Na ɗora shi a kan komai da komai, babbar ƙwarya da ƙananan. Muka yi ta gwaji a gida, lafiya lau. Wuri ɗaya ne ba mu taɓa gwadawa ba, wurin ɗaga hannu, domin mahaifiyata ta ce ba a kiran sunan mamaci don gwaji. Ni kuma na ce mene ne abin wahala a ciki, ai akwai maɓallin tsayarwa.

A Surko masu bikin sun ɗauko mai sifika daga cikin gari, da janaretansa da miksarsa, wato akwatin da duk kebul ke haɗuwa kafin sauti ya fita. Mutum ne sananne, babu bikin da ba ya zuwa. Ya karɓi kebul ɗina ko kallona bai yi ba, ya cusa a layi na uku, ya murɗa nasa ekon har ƙarshe. A wajenmu da haka ake auna mai sifika. In ya ce "gwaji" ba a ji kalmar ta yi ta dawowa ba, cewa za a yi kayansa ba su da ƙarfi.

Aka fara, abu ya yi armashi. Mata suka cika fili, ina bugu ina ɗaga kai kamar wata tauraruwa. Mahaifiyata ta shiga dangin amarya, ta zo kan kakan yarinyar, wanda ko shekara bai yi da rasuwa ba. Ta ɗaga hannu. Na ajiye sanda na danna tsayarwa.

Kiɗan bai tsaya ba. Wato a wajena ya tsaya, amma abin da ya riga ya shiga eko dole sai ya gama yawonsa, nawa ekon yana miƙa wa nasa, nasa yana ƙara maimaitawa. Kam, kam, kam, kam. Mahaifiyata kuwa duk rayuwarta ba ta taɓa jira ba, hannu yana tashi suna yake fita. Ta faɗi sunan bawan Allah a makirfo, a kan kiɗa, sifika ta cafe sunan ta yi ta nanata shi kamar mai talla a tasha. Ni kuma don ruɗewa na kai hannu in rage ƙara, na murɗa baibai, na ƙara.

Matar mamacin tana zaune a gaba a kan tabarma. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafinta, ta ce a hankali amma kowa ya ji:

"Ashe yanzu har a kan mamaci ake kiɗa."

Ta shige gida, tsofaffi suka bi ta. Waɗanda suka rage 'yan mata ne, su ko a jikinsu, cewa suke a ci gaba. Mahaifiyata ta ƙarasa waƙar don ba ta saba barin aiki a tsakiya ba, amma muryar ba tata ba ce. A mota ina jiran zagi, kuma wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai da muka kusa gida ta ce, "Ba laifinki ba ne. Ni ce babba, ni na yarda." Washegari ta ninke zannuwan fitarta ta sa a ƙasan akwati.

Kakar nan duka aka yi ta bukukuwa, babu wanda ya aiko. Magana ta zaga cewa mai amadar nan ta koma kiɗan inji, ta daina ganin girman matattu. Matar da in ta shiga kasuwa sai an yi ta tsayar da ita ana gaisawa, ta daina zuwa kasuwar gaba ɗaya.

Ni kuwa laifin duka a kan mai sifika na ɗora shi. Na ɗauki gangata na tafi shagonsa da faɗa cike da bakina. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya jona ta a wata 'yar sifika, babu miksa babu komai, ya ce in buga in tsayar. Na buga na tsayar. Kam, kam, kam. Ashe tawa ma tana yi. Abokansa da ke zaune a benci suka kwashe da dariya.

"Kin gani ko, ƙanwata? Eko ba ya rabuwa da kiɗa, haka zamani ya zo, tsofaffin nan sai haƙuri. Ke kuma shawara zan ba ki, ki koma layin amshi. Harkar kebul ba ta mata ba ce."

Rabin maganarsa gaskiya ce, da laifina a ciki, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Ɗaya rabin kuwa na rantse a zuciyata sai na mayar masa da kayansa. Kafin in fita na tsaya na ƙare wa miksarsa kallo gaba da baya, har na ɗauke ta hoto, yana tambayata ko saya zan yi.

Na kira yayana. Sai da ya gama dariyarsa shi ma, sannan ya ce, "Ke, sauti kamar ruwan lambu ne, inda kika buɗe masa hanya nan yake bi. Ke kika tura komai ta cikin eko. Kowane faifai da tasa hanyar, shiga ki rufe." Na yi kwanaki ina shiga lungu-lungun injin nan ta ɗan allonsa da bai fi akwatin ashana ba, ga Turancin littafinsa sai ka ce ba irin wanda aka koya mana ba. Na bi ƙwarya ɗaya bayan ɗaya na mayar da ekonta sifili. Na gano ramuka biyun da ke bayan gangar ba ado ba ne, ƙofofi ne daban-daban, kana iya cewa wannan sauti ya fita ta nan, wancan ya fita ta can. Na tura duk ƙwarya ta ƙofar farko, a bushe, yadda Goggo ta buga ta. Wata guɗa da na taɓa ɗauka a bakin 'yar amshi, ita kaɗai na tura ta ƙofa ta biyu.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Maɓallin tsayarwa ɗan mitsitsi ne, kafin in ajiye sanda in lalubo shi mahaifiyata ta riga ta yi magana. Yayana ya ce akwai dabara: ana naɗa faifai ɗaya ya zama mai tsawatarwa, a jera sauran a ƙarƙashinsa, da zarar an buge shi duk su yi shiru. Ya ce in ɗura masa sautin da babu komai a cikinsa, shiru zalla. Karon farko na hautsina abin, babbar ƙwarya ta koma kashe ƙananan, kowace ta buɗe baki sai 'yar uwarta ta toshe shi. Na warware na sake. Ranar da ya yi daidai na buga mai tsawatarwar, faifai na takwas, ya fi sau nawa, ni kaɗai a ɗaki ina dariya kamar wadda ta zautu.

Ana nan sai autar Goggo ta zo gidanmu. An sa ranar bikinta a Farin Dutse. Ta durƙusa gaban mahaifiyata ta ce, "Inna, uwata tana kwance ta ce min ke za ki yi min amada." Mahaifiyata ta ce ita ta daina amada. Yarinya ta yi kuka har ta gaji ta tafi, mahaifiyata ba ta canza magana ba. Na san abin da take tsoro. A bikin nan dole a zo kan sunan uwar amarya, kuma gara a ce ta saɓa alkawari da ta kira sunan ƙawarta a kan kiɗa.

Ban roƙe ta ba, don na san halinta, nawa ne. Kullum bayan la'asar sai in fito da gangata tsakar gida in kunna, in yi ta bugu, ita kuma ta juya min baya tana tankaɗe. Kwana uku muna haka. A rana ta huɗu, ina tsakiyar salo, ba ta ko juyo ba, sai na ga hannu ya tashi, fari fat da gari. Na kai wa na takwas sanda. Tsit. Ta bar hannun a sama ta daɗe, ina jin tana sauraron ko wani abu zai biyo baya. Babu abin da ya biyo baya sai kukan akuyar maƙwabta. Ta sauke, na ci gaba. Sau uku tana yi min haka, duk a inda ban zata ba. Sannan ta karkaɗe rariya ta ce, "Aika wa yarinyar nan, za mu zo."

Ana jibi biki na ji ina son jin muryar Goggo. Na lalubo ainihin ɗaukar da na yi mata a waya, wadda ban taɓa ba, da kukan kaji da komai. Ga ta tana cewa hannun ne ya saba. Ga ɗab ɗin nan da na bi na yanke. Sai a lokacin na gane abin da na zubar, na zauna na yi kuka sosai, ina jin kunyar matar da ba ta nan balle in ba ta haƙuri. Da na share ido na yanko ɗab guda ɗaya, na cire shirun da ke faifai na takwas, na ɗura shi a wurin. Ban gaya wa kowa ba.

A Farin Dutse yayar Goggo ce uwar biki, kuma labarin Surko ya riga mu isa. Tun a zaure ta tare mu. Ta gaisa da mahaifiyata, sannan ta nuna jakata da baki.

"Abin ne a ciki?"

"Shi ne, Hajiya," na ce.

"To ki ji da kyau. Don marainiyar nan na yarda. In aka yi kiɗa a kan sunan ƙanwata, da hannuna zan jefa shi a rijiyar gidan nan."

Na ce na yarda, in ya yi hakan ni zan buɗe mata murfin rijiyar. Mahaifiyata ta harare ni, amma maganar ta riga ta fita.

Da muka fito fili, wa zan gani a gindin darbejiya yana jera kaya? Mutumina mai sifika. Ya washe baki ya ce a'a, injiniya ce da kanta. Ya miƙo hannu in ba shi kebul. Na ce layin da zai ba ni ya mayar da ekonsa sifili.

"Haba ƙanwata. A garin mutane? So kike a ce kayana sun lalace?"

Na san ko ya rage a gabana, ana fara rawa hannunsa zai koma wurin, shi ma nasa hannun ya saba. Amma hoton nan da na ɗauka a shagonsa ba a banza ba. Na tura wa yayana, ya nuna min wasu ramuka biyu a bayan miksar, ja da fari, inda ake jona rediyon kaset, ya ce duk abin da ya shiga ta nan ba ya bi ta eko ko an murɗa shi har ya karye. Na zagaya na durƙusa na cusa kebul ɗina a wurin.

"Ke, nan ba wurin ganga ba ne."

"Yau ya zama."

"Zan kashe janareta."

"Kashe. Sai ka shiga ka gaya wa matan can da bakinka cewa ka hana marainiya amadar uwarta saboda eko."

Ya tsaya yana huci, ni ma ina huci. Mahaifiyata ce ta matso ta ce, "Malam, bar ta." Daga nan na zaro kebul na biyu, na ƙofar guɗa, na miƙa masa. Na ce ga wannan, ka zuba masa eko har ka gaji. Ya karɓa yana gunaguni.

Aka fara. Ƙwarya ta fito a bushe, kowane bugu da gefensa, har wata tsohuwa ta leƙo bayana tana neman baho. In na saki guɗa kuwa sai ta tashi ta zaga gari ta dawo, mutumina yana gyaɗa kai yana duban jama'a kamar shi ya haife ta. Mahaifiyata ta shiga dangin amarya. Ta yi kakanni, ta yi baffanni, tana matsowa. Yayar Goggo tana zaune a gaba ta harɗe hannu, idonta a kaina.

A nan ne na tuna. Makirfo. Na kwashe kwanaki ina gyaran ƙwarya, na manta sarai cewa muryar mahaifiyata ta cikin ekonsa take bi. Ko kiɗa ya mutu, sunan zai yi ta nanata kansa kamar na Surko. Ga hannuwana biyu da sanda, ga ta nesa da ni, babu halin magana.

Ashe ita ba ta manta ba. Da ta kai ƙarshen baitin sai na ga ta kashe makirfon da babban yatsa, ta sunkuya ta ajiye shi a kan tabarma. Ta bar kiɗa yana tafiya har muryarta ta gama dawowa daga sifika. Sannan ta miƙe ta ɗaga hannu.

Ɗab.

A babbar sifika ya fita, ba ƙara, amma sarai. Wuri ya yi tsit. Na ga bayan mahaifiyata ya ƙame. Matan Farin Dutse sun san hannun nan, a gabansu ya girma, wata a baya ta ce innalillahi a hankali. Hannun mahaifiyata yana sama, ta buɗe baki ta rufe, har na fara tsoron ba za ta iya ba. Sai ta faɗi sunan ƙawarta da muryarta tsura, sau ɗaya, kuma har na bakin zaure sun ji. Mata suka ce Allah ya jiƙan rai. Amarya ta kifa kai a cinyar ƙawarta. Yayar Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da hannun ya sauka na saki babbar ƙwarya, kuma yayar Goggo ce ta fara miƙewa, da hawayenta da komai, ta shiga fili.

Kafin watan ya ƙare an aiko daga wurare uku, har da Surko. Mai sifika har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma duk bikin da muka haɗu, kafin in iso zan tarar ya juyo min da bayan miksar.

Na san akwai masu cewa har yanzu kiɗan inji ba amada ba ce, wasu ma a nan suke rubuta min. Ku yi ta faɗa. Ni dai na san na taɓa ɗaukar abin da ya fi komai daraja a kiɗan matar nan na yanke shi da hannuna don ina ganin datti ne, kuma ba inji ne ya sa ni ba, rawar kaina ce. Tun daga ranar, duk wanda zan yi wa aiki sai na fara tambayarsa inda ake yin shiru kafin in tambayi inda ake bugu. Ekon ma ban daina so ba, in guɗa ce ko waƙar 'yan mata har ni nake cewa a ƙara. Amma babu wanda zai ɗora min shi a kan ƙwarya, ko wane ne, ko kayan nasa ne.

Salatif ɗin kuwa mahaifiyata ce ta sa na liƙa. Muna dawowa daga Farin Dutse ba ta ce min na kyauta ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi in yi wa faifan alama kada wata rana in ruɗe, tunda ta ga yadda nake murɗa abu baibai. Da na liƙa ta sa yatsa ta shafa wurin, ta ce, "Ranar da aka zo kan sunana, ke za ki buga shi. Kada ki makara."

Na ce Inna ni ba na son irin wannan maganar. Ta ce ba ta tambaye ni ko ina so ba.